Baffana Mahauci da Littattafan Yaƙi

Baffa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe gidanmu a zangon Hausawa na Sokodé tun da mahaifina ya riga shi tafiya, don haka ni ma cikin masu karɓar gaisuwa na zauna.

Mahauta ne suka fara zuwa, a jere, daga kwata. Sarkin fawa ya ce shekara hamsin yana sana'ar nan bai ga mai ido irin na Baffa ba, wai in ya dafa bayan sa ya riga ya san naman da ke cikinsa. Dillalan shanu daga arewa suka zo suka faɗi nasu. Duk wannan mun san shi, muna amsawa da amin.

Rana ta biyu wani tsoho ɗan ƙabilar Kotokoli, malamin lekol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, ya nemi izini ya shigo cikin gida ya yi wa Inna gaisuwa. Inna ita ce matar Baffa. Tsohon ya zo da kwat da hular Turawa, ya durƙusa yana kuka irin na yara.

"Abokin karatuna ya tafi," in ji shi. "Yanzu da wa zan yi gardama?"

Gwaggo, ƙanwar su Baffa da ke aure a Kumasi, ta juyo ta dube ni.

"Karatu? Yaya da ko ƙofar lekol bai taɓa takawa ba?"

Ban ba ta amsa ba sai ga mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin tasha ya yi sallama, da wani abu naɗe cikin leda. Ya ce marigayi ne ya sa a nemo masa, sai jiya ya iso daga Lome. Ya tsaya riƙe da shi bai san wa zai miƙa wa ba. Inna ta nuna ni da haɓa.

"Ku ba waccan. Su biyu suka san haukansu."

Na buɗe a nan gabansu. Littafin yaƙin jiragen ruwa ne na Turawa. Ba shi Baffa yake nema ba. Na fashe da dariya hawaye na zuba, matan da ke wurin suka riƙa kallon juna, wata ta ce a ba ni ruwa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Amma gaskiya har yau ban gama gane mutumin nan ba, kuma ban san ko rubutun zai taimaka ba.

Asalin abin labarin kakan kakanmu ne. Kowa a danginmu ya yarda mahauci ne, ya baro ƙasar Hausa zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, shekara ɗari biyu da wani abu ke nan, ya bi ayarin masu fataucin goro ya yo yamma. Zuriyarsa ta rabu biyu, wasu suka zauna Sokodé, wasu suna Dapaong. Mu na Sokodé an gaya mana rundunar masu jihadi yake yi wa yanka, da yaƙi ya lafa aka sa masa albarka ya tafi neman abinci. Na Dapaong kuwa cewa suke mahaucin wani sarki ne da aka ci garinsa, ya tsere da wuƙarsa da rigar jikinsa.

Shekaru ana faɗin wannan ana dariya. Sai a wani suna a Dapaong, Baffa da ɗan baffansa, wanda muke kira Baffan Dapaong, suka ɗauko zancen gaban mutane. Ba na wurin, Inna ce ta ba ni labari. Baffan Dapaong ya ce, "Yaya, ka bar yi wa kanka daɗin baki. Gudu ya yi, kamar yadda kowa zai yi." Baffa ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nufi tasha tun ba a raba naman suna ba, shi da da hannunsa ya feɗe ragon. Shekara takwas ba su ƙara magana ba. A da wajen Baffan Dapaong yake sauka in ya je sayen shanu. Daga ranar sai ya riƙa wucewa kasuwar Korbongou kai tsaye, ya kwana wajen wani Bafillace, ya juyo.

Na taɓa tambayarsa me zai rage mu da shi in ma kakan ya gudu. Ya daɗe yana goge wuƙa a jikin dutse kafin ya ce, "Ba gudun ne ya dame ni ba. Ni dai ina so in sani." Ban yarda da shi ba a lokacin. Yanzu ma rabi na yarda.

Yadda na shiga ciki kuwa, cikina na fari ne ya zube. Na dawo gida jinya, na kwanta na juya wa kowa baya. Mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, ni ko amsawa ba na yi. Baffa bai taɓa ce mini komai a kan abin ba. Kullum in ya taso daga kwata sai ya kawo wutsiyar sa ya ba Inna ta yi mini farfesu, ya zauna a kujera bakin ƙofar ɗakina yana shan iska. Rana ta biyar ya turo wani littafi ta ƙarƙashin labule.

"Malama, an ce wannan na yaƙin zamanin kakanmu ne. Ni ajami kaɗai na iya. Ki duba mini."

Lissafi nake koyarwa a kolej, ban san komai a tarihi ba. Na ce masa haka. Ya ce ai Faransanci ne, ba aljanu suka rubuta ba. Don in rabu da shi na fara karantawa ina juya masa da Hausa, ni a ciki, shi a waje. Mun yi nisa sosai, sojoji suna tafiya cikin ƙanƙara yatsunsu na guntulewa, sai ya tsayar da ni.

"Tsaya. Wane gari ne wannan a ƙasar Hausa?"

"Baffa, ba ƙasar Hausa ba ce. Turawa ne ke yaƙi a ƙasarsu."

"To mai littafin ya ce mini farkon ƙarni na sha tara. Haka malamin lekol ya rubuta mini a takarda na kai masa."

"Lokacin ɗaya ne, wurin ne daban."

Na zaci zai ce a mayar. Sai ya ce, "Ashe a lokaci guda kowa ya haukace. Ci gaba."

Sati uku muka yi kan littafin nan. Ranar da muka gama na lura a tsakar gida nake zaune, kusa da shi, na yi wanka na ɗaura kallabi. Ban san ranar da na fito ba. Na sha tambayar kaina ko da gangan ya kawo littafin don ya fitar da ni, ko kuwa buƙatarsa ce kawai ta zo daidai da tawa. Inna ta ce da gangan ne. Gwaggo ta ce Yaya ba shi da wannan dabarar.

Tun daga nan na zama mai nemo masa littafi. Wahalar abin ba a cewa komai. Duk wanda na ce wa ina neman littafin yaƙin wancan zamani, Turawa masu dogayen huluna yake miƙo mini. In na ce na ƙasar Hausa nake so, sai a ce in je Lome, a Lome a ce sai Yamai ko Kano, ko a ce akwai amma da Ingilishi. Ɗakin karatun lise, babbar sakandaren garinmu, na da guda biyu, ɗaya an yage tsakiyarsa. Abin da na samo dai shi muke karantawa, na Turawan ma bai raina ba.

Tambaya ɗaya yake yi wa kowane littafi. In marubuci ya ce runduna ta tashi daga gari kaza ta isa gari kaza cikin kwana goma, Baffa zai ɗaga hannu.

"Me suka ci?"

"Bai faɗa ba, Baffa."

"Mutane masu yawa haka, kwana goma? Wa ya kora shanun? Wa ya yanka? Ina suka sami gishiri?"

In na ce bai faɗa ba, sai ya kaɗa kai. "Wannan marubucin bai taɓa kwana da yunwa ba." Haka yake raba littattafai, na masu yunwa da na ƙosassu. Na ƙosassu ƙarƙashin gado yake tura su. Wanda ya fi so shi ne na farkon nan, saboda a ciki sojojin sun ci dawakansu, kuma an faɗi yadda suka yi. Ya ce ba su iya fiɗa ba, amma aƙalla an faɗa.

Malamin lekol ɗin nan a wajen mai littattafai suka haɗu. Mutanen gari suna ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko. Baffa ya ce shi mahauci ne, ba ya zama inuwa ɗaya da mushe, don haka Malam zai riƙa ce masa. Kowace Juma'a bayan masallaci sai sun zauna gardama, malamin na gurguwar Hausa mai haɗa mace da namiji, Baffa na Kotokolanci irin na kasuwa. Na taɓa jin su sun yi awa guda suna musu kan ko doki ya fi raƙumi amfani a yaƙi, daga baya na gane malamin kan Turai yake magana, Baffa kan Gobir. Ba wanda ya lura a cikinsu. Suka rabu kowa na ganin shi ya yi nasara, Baffa ya naɗe masa hanta a takarda ya tafi da ita.

Da aka ce masa akwai finafinan tarihi da ake nunawa da bayani, sai ya sayi na'urar faifai. Faifan farko da ya sayo a kasuwa, da hoton mayaƙa a bayansa, wasan damben Turawa ne a ciki. Na biyu yaƙi ne, amma da jiragen sama. Daga baya na riƙa nemo masa a wayata. Yakan sa in tsayar da hoto, ya matso da fuskarsa dab da gilashin, ba mayaƙan yake kallo ba, bayansu yake dubawa ko zai ga garke. Sau ɗaya muka sami wanda ya shafi ƙasar Hausa da gaske. Ya sa farar riga ya zauna kamar za a ɗaura aure. Wasu masana ne masu tabarau suke magana, sai taswira, da wata jar kibiya tana rarrafe daga gari zuwa gari. Da ya ƙare ya ce, "Kibiyar nan ita ba ta cin abinci?" Ranar ko tuwon dare bai ci da yawa ba.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. In na yi kwana biyu ban zo karatu ba sai ya aika a ce in ba ni da lokacinsa in faɗa. Ba ya tambaya ko na gaji, ko ina da takardun jarrabawar yara da zan duba. Mijina ya taɓa cewa kamar Baffa ne ya auro ni. Sannan ciwon suga ya kama shi, idonsa ya fara dushewa, ya bar zuwa kwata, sai karatun ya zama shi ne duk abin da yake jira a yini.

A wannan lokacin ne wata tsohuwar ɗalibata da ke jami'a a Lome ta aiko mini da fotokopi, babi guda na Faransanci kan yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa. Shi ne abu mafi kusa da muka taɓa samu. Akwai dawaki a ciki, da baka da kibiya, da ganuwa, da yadda ake yi wa gari zobe. Na karanta masa bayan la'asar, na taso daga aiki kaina na sarawa. A ƙarshen kowane shafi sai ya yi tambayarsa, in ce bai faɗa ba. Ina ganin yadda kafaɗunsa ke saukowa. A shafin ƙarshe ya sake tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ɗora yatsa kan wani layi da ke maganar sirdi, na ce:

"Ga shi nan, Baffa. An ce mahauta suna bin rundunar masu jihadi suna yi musu yanka, in yaƙi ya ƙare a sallame su da albarka."

Ban shirya ba. Bakina ne ya faɗa.

Ya ɗago kai. "Sake karantawa."

Na sake, amma kalmomin ba su fito iri ɗaya ba.

"Ɗazu ba haka kika ce ba."

"Haka Faransanci yake, Baffa. Ana iya juya shi ta hanya biyu."

Ya miƙo hannu na ba shi takardun. Ya ninke su huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa. Washegari da sassafe aka aiko wai in nemi izini a wajen aiki, za mu Dapaong.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Ina zaune gefensa a mota, takardar na leƙowa daga aljihunsa. Na san 'yar Baffan Dapaong ma'aikaciyar asibiti ce, ta fi ni Faransanci. Za a miƙa mata, za ta karanta maganar sirdi, tsoho mai shekara kusan tamanin zai ji kunya gaban mutumin da ya yi shekara takwas yana gaba da shi. A Kara na buɗe baki zan faɗa, ya ce in saya masa ayaba. A Mango yana barci, ko yana yin kamar yana barci. Da muka wuce Tandjouaré na ce, "Baffa, takardar nan..." Ya ce, "Dubi dawar mutanen nan. Bana sun samu." Shi da ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa.

Mai babur ya sauke mu ƙofar gidan. Baffan Dapaong na zaune kan tabarma yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Ya ɗago ya ga wanda ke tsaye, man ya faɗi daga hannunsa.

"Yaya?"

"Ni ne. Ba za ka ba ni wuri ba?"

Kwana biyu muka yi. An yi tuwon gero da miyar gyaɗa, an yanka zabi. Suka yi hirar gwiwa da ido, da waɗanda suka mutu cikin shekara takwas, kowa na gaya wa ɗan'uwansa nasa. Ni ina gefe ina jiran a fito da takarda. Duk lokacin da Baffa ya kai hannu ƙirji sai in zaci ita ce, sai in ga goro ya ciro. 'Yar gidan ta dawo daga aiki ta gaishe shi, ya sa mata albarka, bai ce ta karanta komai ba. Maganar kakan ma sau ɗaya ta taso, Baffan Dapaong ne ya ɗauko ta da kansa, ya ce shi ma daga bakin kakarsa ya ji, ita kuwa takan haɗa labari biyu ta mai da ɗaya. Baffa ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta iya dambu." Shi ke nan.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri.

"Baffa, ba ku nuna masa takardar ba."

"Na manta," in ji shi, hannunsa a kan aljihun.

Bai ƙara sa ni karanta babin nan ba. Muka koma kan na Turawa, muna maimaita waɗanda muka riga muka gama. Wata bakwai bayan haka ya kwanta. Ranar Juma'ar ƙarshe da na same shi da hankalinsa, Inna ta fita ɗebo ruwan zafi, na durƙusa gefen gadon na faɗa masa komai, cewa babu maganar mahauta a takardar, ni na ƙirƙira, ya yafe mini. Idonsa a rufe. Na jira. Can ya ce, "Wace takarda?" Na duba fuskarsa ko zan ga alamar wasa, ban ga komai ba. Likita ya riga ya gaya mana ciwon kan taɓa tunani. Inna ta shigo da ruwan, maganar ta tsaya nan. Kwana huɗu bayan haka ya cika.

Baffan Dapaong bai sami zuwa jana'iza ba, ƙafafunsa sun ƙi. Bayan sadakar arba'in na hau mota na je yi masa gaisuwa. Na same shi a tabarmar nan dai. Muka yi addu'a, ya yi kuka, ya share fuska da bakin rigarsa. Sannan ya dube ni.

"Ke ce mai karanta masa."

"Ni ce, Baffa."

"Ranar da kuka zo, da kika shiga wajen mata, na tambaye shi me ya kawo shi bayan shekara takwas. Kin san abin da ya ce?"

Na ce ban sani ba.

"Ya ce, ''Yar nan tawa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Jiya ta ji tausayina har ta yi. Na ga in abin ya kai haka, gara in taso in zo.'"

Baffan Dapaong mutum ne mai ƙara wa labari gishiri, kowa a dangi ya san shi da haka, kuma jikan waccan kakar ne. Zai yiwu haka aka yi. Zai yiwu kuma ya ga fuskata ne ya ji tausayina, shi ma ya yi mini irin abin da na yi wa yayansa. Na so in tambaye shi ko da gaske ne, amma ya riga ya juya yana kiran a kawo mini abinci, yana faɗa wai na rame.

Na ci tuwon. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in dawo da damina in ga gyaɗarsa, na ce in Allah ya kai mu zan zo.

Allah ka jiƙan Baffa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa da kakanninsa cikin rahamarka. In ya ji abin da na faɗa masa ranar Juma'ar nan ya yafe, ka karɓa. In bai ji ba, ka isar masa.